Karsana Ɗaya, 'Ya'ya Uku

Ku gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce.

A wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, akwai wani dattijo, Baba Nomau, mai garken shanu da 'ya'ya uku maza: Sallau, Barmo da Ilu. Shi dattijon dai yadda ya ga ubansa na yi haka yake yi, a watsa wa shanu harawa a ƙasa. Su ci kaɗan, su tattake saura, su yi fitsari a kai, sannan su tsaya suna kallonta da yunwa. Tun rani bai raba ba harawa ta ja baya, shanu suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Baƙin ciki ya kwantar da tsohon. Ya kira 'ya'yansa ya ce, "Ku yi wa Allah, kada garken nan ya ƙare. Wanda ya cece shi, abin da ya rage nasa ne." Bai ga damina ba.

Sallau, babbansu, ya ce ai asarar a ƙasa take. Ya nemi itace mai ƙwari ya rasa. Sai ya yaye rufin ɗakinsa, ya zare azarar, ya kafa komin zuba harawa mai tsayi, ya jera masa sanduna yadda saniya za ta zura baki kawai, ƙafa ba ta shiga. Matarsa tana kuka ta ce, "Malam, in ruwa ya zo fa?" Ya ce, "Ya zo ɗin tukuna." Daga ranar ko ganye ɗaya bai sake lalacewa ba.

Amma komi ba ya haihuwar harawa. Da ya zama wayam, Barmo ya sauko da irin gero da na wake da ya ajiye don shuka, ya kai wa masu fadama suka musanya masa da harawa. A ka ya riƙa ɗaukowa.

Ita ma ta ƙare. Ilu, autan, ya shiga hawan gawo, don shi ke da ganye da rani, yana saro wa shanu suna ci a komin. Ran nan reshe ya karye da shi. Ƙugunsa ya tafi, har yau da jan gindi yake fita ƙofar gida.

Da ruwa ya sauka, karsana ɗaya ce ta rage, haƙarƙari duk a waje. Ruwan farko ya rushe ɗakin Sallau, yaransa suna kwana a zauren maƙwabta. Barmo yana tsaye bakin gonarsa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ba shi da ko ƙwayar da zai jefa. Ilu kuwa ba zai ƙara riƙe fartanya ba, ga mata ga jariri. Wallahi ni kaina in na tuna sai zuciyata ta karye.

In an yanka ta, ba za ta kai su ko'ina ba. In an sayar aka raba, garken ya ƙare, abin da ubansu ya roƙa kada a yi ke nan.

To, ku da kuke zaune, a hannun wa za ku sa igiyar karsanar nan?