Dalilin da Ya Sa Zakara Ke Ɓuya Cikin 'Yan Tsaki

Dalilin da ya sa in kaza ta ƙyanƙyashe ba mai iya nuna muku namiji da mace cikin 'yan tsakinta, shi zan gaya muku yau, tunda na ga tun safe kuke gardama a bakin akurki, kowa na rantsuwa nasa ne zakaran. Ku zauna. Kai mai ɗan tsako a hannu, sake shi ya koma wurin uwarsa, ba da kai aka yi kwancin ba.

A can zamanin da, lokacin da kaji da masu kiwonsu ke jin maganar juna, ɗan tsako namiji da zankonsa yake fasa ƙwai, ja wur a tsakar ka. Masu kiwo kuwa zakara ɗaya suke bari a gida, don in sun yi yawa faɗa suke ta yi har jini, su hana kaji sakat, su cinye dusa. Saboda haka ran da aka ƙyanƙyashe, ran nan mai kaji ke zuwa da ƙwarya ta tsince masu zanko, ta rarraba wa duk yaron da ya miƙo hannu. Ɗan tsakon da bai sha ɗumin uwa ba kuwa ba ya kai labari.

To akwai wata kaza a gidan wata tsohuwa, Inna Tasalla, ana ce mata Wake-wake saboda zanen gashinta. 'Ya'yanta mata sun cika gidan, amma ba ta taɓa ganin ɗanta namiji ya fitar da gashin fiffike ba. Abin yana cin ranta ƙwarai. Ba ta ƙi Inna ba, don Inna ba muguwa ba ce, ita ke tono mata gara da safe, ita ke korar shaho da bakin zani. Sai dai duk ran da ta ji ƙarar ƙwaryar nan, ta san an zo raba ta da ɗanta ne.

Ana nan tsufa ya zo wa Wake-wake, idanunta suka fara hazo, ta yi kwancin da ta san shi ne na ƙarshe. Ƙwan da ya fashe daga baya sai ga zanko. Ba ta gama kallonsa ba ta ji takun Inna. Nan da nan ta jawo shi ƙarƙashin ƙirjinta ta danne.

Inna ta durƙusa ta ce, "Barka da arziki, Wake-wake. Ɗaga in gani."

Ta ce, "Inna, sanyi suke ji. A bari sai gobe."

Inna ta dube ta ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Wunin ranar Wake-wake ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ta kwana tana danne kan ɗan nan da dukan ɗumin jikinta, tana roƙon zankon ya yi haƙuri ya koma. Da gari ya waye ta duba, sai ta ga ya lafe, saura ɗan layi siriri irin na 'yan'uwansa mata. Inna ta zo ta jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Duk mata? Lallai bana kin yi abin kai." Ta tafi da ƙwaryarta wayam.

Wake-wake ta raɗa masa suna Barau, ko Allah zai sa a bar mata shi. Da ya fara wayo ta ja shi bayan rumbu ta gaya masa gaskiya. Ta ce, "Ka riƙa tafiya kamar yayyenka, kada ka miƙe wuya. In ka ji wani abu na maka susa a maƙogwaro, haɗiye shi. Ran da ka yi cara, ran nan za a raba mu."

Ya ce, "To, Iya."

Barau yaro ne mai jin magana, amma jiki ba ya jin magana. Ƙafafunsa suka yi kauri, gashin wuyansa ya yi tsini yana sheƙi, wutsiya ta fara lanƙwasa. Zankon ma ya sake leƙowa, sai uwar ta riƙa kai shi bakin murhu tana turmusa kansa a toka. Wani lokaci susar nan ta taso masa, ya miƙe wuya, ya buɗe baki, su haɗa ido da uwar, ya wayance kamar hamma yake.

Rannan da damina, dawa ta yi tsawon da take rufe mutum, Wake-wake ta bi wata fara cikin gonar bayan gida. Tana can hadari ya haɗo, iska ta taso, ruwa ya tsinke. Ta juya za ta koma, duk inda ta duba kara ne iri ɗaya, idanun kuma ba sa taimakonta. Ruwa ya fara gudu tsakanin kunyoyi yana jan ƙafafunta, gashinta ya jiƙe ya yi nauyi. Ta yi ta kira, ba mai ji. Tsoro ya kama ta, ta raɓe gindin wata dawa.

Can sai ta ji wata murya daga nesa, mummuna, a shaƙe, kamar ta ɗan akuya mai mura. Ba ta taɓa jin ta ba, amma ta san mai ita.

Ta ce, "Yi shiru, ɗan nan. Don Allah yi shiru."

Ina zai ji. Ya sake, ya kuma sakewa. Wake-wake ta miƙe ta bi muryar, tana faɗuwa tana tashi, tana kuka. Duk carar da ta nuna mata hanya, Inna ma tana jin ta.

Ta iske shi bisa danga, ruwa ya wanke tokar kansa, zanko ja wur a fili. Ya diro ya ce, "Iya, ki yafe mini. Na roƙi Baba Jatau ya yi miki cara, ya ce shi da asuba kaɗai yake aiki." Jatau shi ne babban zakaran gidan, yana can ƙarƙashin rumbu, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Inna Tasalla ta fito da faifai a ka, ta kwashe su biyun ta kai bakin wuta, tana tsane Wake-wake da tsumma.

Wake-wake ta ce, "Inna, ni na ɓoye shi. Laifina ne."

Inna ta ce, "Ke Wake-wake, da kiwon kaji na yi furfura. Wace kaza ce ke da ƙafafu kamar taɓarya? Na daɗe da gani. Cewa na yi in dai bai buɗe baki ba, ni ma ba zan buɗe nawa ba."

"To a bar mini shi."

Inna ta iza wuta. Sannan ta ce, "Da da hali da na bari. Jatau ya riga ya ji, gobe zai far masa, kuma ɗanki bai kai ya tare shi ba. Amma ba wuƙa, ba kasuwa. Ƙanwata Kyallu da ke hayin rafi tana da kaji ba zakara, can zan kai shi. Kuma na yi miki alkawari, daga yau ba ɗan da za a raba da uwarsa sai ya faɗi ko shi wane ne da bakinsa."

Washegari Inna ta rungume shi a hammata, ba ta ɗaure masa ƙafa ba. Wake-wake ta raka su har ƙofar gida, ta gyara masa gashin wuya da bakinta, ta ce, "In ka tono abin daɗi, kira matan gidan su fara ci. Je ka, Allah ya tsare." Ta tsaya nan har ta daina jin takun Inna.

Ba ta sake ganinsa ba. Amma kullum da asuba, in Jatau ya gama nasa, sai ta karkata kai wajen rafi ta saurara. Muryar nan za ta taso, da fari a shaƙe, a hankali ta washe, har ta zama wadda duk ƙauyen ke tashi da ita. Sai ta ji ta sannan take sauka ta nemi abinci, kuma haka ta yi har ƙarshen ranta.

Sauran kaji suka koyi dabarar, kowace ta ƙyanƙyashe sai ta lulluɓe 'ya'yanta ta danne, har zanko ya saba da fitowa a makare. Shi ya sa har yau ba a gane zakara cikin 'yan tsaki sai ya girma a gindin uwarsa ya yi cara da kansa, sannan a nema masa gida. In kun ji na nan ya yi, na can nesa ya amsa, ba faɗa ba ne, ɗan wata kaza ne ke gaya wa uwarsa ya kwana lafiya.