Sallau Mai Jigo Uku da Mutanen Tafki

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

An yi wani mutum wai shi Sallau, a wani gari can bakin hamada, inda damina ba ta wuce wata biyu. Tafki ɗaya tak garin yake da shi. A bakinsa Sallau ya yi lambun albasa, ya kafa jigo, doguwar sandar nan mai guga a baki da ake jan ruwa da ita. Da albasar nan yake ciyar da matarsa Tabawa da 'ya'yansu.

Wata shekara albasa ta yi kyau. Sallau ya faɗaɗa lambu, ya kafa jigo na biyu, ya ƙara na uku. Ya ja wannan, ya ruga ya ja wancan, ƙiiƙ, ƙuuƙ, tun safe har yamma. Tafki ya yi ta ja da baya har ya koma kamar tabarma.

To, a cikin tafkin akwai Kwaɗo da danginsa, akwai Gaiwa, akwai wani tsohon Kada mai haƙori biyu. Rana ta fara gasa musu baya.

Kwaɗo ya fito ya ce, "Sannu da aiki, mai lambu. A rage mana na kwanciya mana."

Sallau ya ce, "Ruwan da ya shiga gugana, nawa ne."

Gaiwa ta leƙo daga taɓo ta roƙa. Ya ce, "Ruwan da ya shiga gugana, nawa ne."

Kada ya yi gyaran murya. Kafin ma ya buɗe baki, Sallau ya ce, "Baba, na san zancen. Nawa ne."

Kwaɗo ya tara su ya ce, "Ya ce ruwan nasa ne, amma bai ce mu fita daga ciki ba. Duk inda ruwa ya tafi, can ne gidanmu."

Washegari Sallau ya jawo guga ya juye: ruwa kaɗan, kwaɗi goma. Ya sake jawowa, kwaɗi ashirin. Kowanne ya sami kan albasa ya haye ya harɗe.

Sallau ya ce, "Kai! Me ya kawo ku?"

Suka ce, "Ruwanmu muka biyo."

Ya cire hula zai kore su, sai ga wani zaune a cikin hular.

Can gida kuwa, Tabawa ta buɗe randa za ta ɗora tuwo. Gaiwa ta ɗago kai ta ce, "Sannu da gida, 'yar uwa. Rufe mana, iska na shigowa."

Tabawa ta yar da moɗa ta yi waje. "Malam! Malam! Kifi na gaishe ni a randa!"

Gaiwa ta ce, "Ruwanmu muka biyo."

Sallau ya shigo a guje, ƙishirwa ta kama shi, ya ɗaga ƙwaryar ruwa ya shanye tas. Bai ajiye ba sai ga sallama. Tsohon Kada ne ya jawo jiki har tsakar gida. Cikin Sallau ya yi ƙulun-ƙulun.

Kada ya kasa kunne ya ce, "Alhamdu lillahi, ga muryar ruwanmu. Randa ta yi mini kaɗan, buta ta yi mini kaɗan. Ɗana, buɗe baki in shiga."

Sallau ya ce, "Haba Baba, ai ba za ka shiga ba!"

"Sai an gwada. Da kai zan fara ko da wutsiya?"

Kafin ka ce me, Sallau yana kan rumbu, ya toshe baki da hannu biyu. Ko magana ya kasa, sai "uhm, uhm."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Baba Kada, albasar nan ita ce tuwonmu. In ba ruwa, me 'ya'yana za su ci?"

Kada ya ce, "'Yata, mu ba mu ce kar ku ɗiba ba. Ku ɗiba muddin ruwa ya rufe mini baya. Da kun ga bayana a waje, a ajiye guga sai gobe."

Tabawa ta dubi rumbu. "Malam, ka yarda?"

Sallau ya ce, "Uhm! Uhm!"

A ranar ya tumɓuke jigo biyu. Tafki ya fara murmurewa, kowa ya koma gidansa.

Sai daɗi ya ɗebi Kwaɗo. Ya ce, "Me zai hana ruwan duka ya zama namu?" Ya bari Kada na barcin hantsi, shi da danginsa suka turo dutse ƙarƙashin cikinsa. Sallau ya ja guga uku kawai, sai ga bayan Kada a waje. Gobe haka, jibi haka. Albasa ta fara yaushi.

Tabawa ta zo bakin tafki ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Baba Kada, yaushe ka ƙara tudu? Ƙafafunka fa ba sa taɓa ƙasa."

Kada ya duba, sai ya ga ƙafafunsa na lilo. Kunya ta kama shi. Ya mirgino daga kan dutsen, tim! Ashe Kwaɗo na ƙasa yana ƙara cusa tsakuwa. Kada ya danne shi, idanun Kwaɗo suka yo waje ƙuru-ƙuru, kuma har yau ba su koma ba.

To yara, in kun je ɗiban ruwa ku tuna akwai masu kwana a cikinsa. In kuma an raba muku daidai, kar ku cusa dutse.

Ƙurunƙus kan ɗan kwaɗo! Ba don idanunsa na nan a waje ba, da kun ce ƙarya na yi.