Gefen Jirgin da Aka Ɓoye

Akwai wani mutum mai tuƙa ƙaramin jirgi a kogi. Jirgin nan bai taɓa ɗaukar ko buhu ɗaya ba. Aikinsa jan manyan jiragen gishiri da gyaɗa ne, in sun iso gaɓa kuma ya sa kafaɗarsa ya tura su a hankali har su tsaya. Kullum da gefen hagu yake turi, saboda haka gefen nan duk ya loɓa, fenti ya kaɗe.

Mutumin ya tsufa, jirgin ma ya tsufa. Sai aka aiko cewa mai jirgin, wanda tsohon yake wa tuƙi, yana zuwa ya duba, in ya ga ba shi da sauran amfani a ba maƙera su yayyanka. Tsohon nan ya kasa cin abinci, don yana ƙaunar jirgin kamar ɗan cikinsa.

Da sassafe ya juya jirgin, ya ɗaure shi gefen dama mai santsi yana duban tudu. Matarsa ta ce, "Maigida, ko amarya za a kai ne?"

Mai jirgin ya iso, ya duba, ya ce, "Wannan kamar bai taɓa aiki ba. Ina nawa?" Sai ya naɗe wandonsa, ya shiga ruwa, ya zaga ta baya. Tsoho ya sunkuyar da kai don kunya.

Mai jirgin ya sa tafin hannunsa cikin loɓa mafi zurfi, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce, "Wannan na ranar da igiya ta tsinke ne, ka shiga tsakanin jirgin gishiri da dutse. Ƙanena yana ciki ran nan. Baba, don me ka ɓoye mini?"

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga ya yi muni ne."

Ya ce, "Ba mai sa masa wuƙa muddin ina da rai. Juya shi, kowa ya gani."

To, ga ma'anar misalin. Mai jirgin Ubangiji ne, jirgin kuwa kai ne, ke ce. Uwar da bayanta ya ranƙwafa wajen goyon 'ya'yan wasu, da wanda ya sha zagi garin sulhunta 'yan'uwa, kada ku zo gaban Allah kuna juya masa gefe mai santsi. Yesu ma da ya tashi daga matattu bai ɓoye hannuwansa ba. Da tabon ƙusa almajiransa suka gane shi, da naku tabon kuma zai ce, "Wannan nawa ne."