Mutumin da Ya Hana Na'urorinsa Kuka

Akwai wani mutum da aka ɗauka aiki a wani ƙaramin asibiti, aka danƙa masa ɗaki guda mai manyan kwamfutoci biyar. Masu asibitin sun ce ba za su kai sirrin majiyyatansu ajiya a hannun wani kamfani ba, a gida za su riƙe abinsu. Saboda haka sunan kowane mai ciwo, da irin cutarsa, da maganin da aka ba shi, duk a cikin na'urorin nan biyar suke.

Mutumin kuwa gwani ne. Ba ya bin na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana gyara. Ya zauna ya rubuta dogon umarni guda, layi bayan layi, in ya aika shi sai dukan biyar ɗin su karɓa, su yi yadda aka rubuta, ba gardama. A cikin umarnin ya sa cewa kowace yamma a kwafe dukan aikin ranar a kai wa ta biyar ta ajiye. In kwafin ya yi, allonsa ya nuna kore. In bai yi ba, allon ya yi ja, wayarsa kuma ta yi ta kuka har sai ya zo.

Babbar nas ta asibitin, dattijuwa ce da kowa ke kira Sista, kullum da safe takan leƙo ɗakin ta ce, “Injiniya, yaya 'ya'yan naka? Sun kwana lafiya?”

Shi kuwa ya juyo mata allon ya ce, “Ga su, Mama. Duk kore.”

Ana nan, wata ranar Asabar, ya sa babbar rigarsa zai tafi ɗaurin auren abokinsa, sai wayar ta fara kuka. Ya duba, ya ga kwafi ne ya ƙi. Ya san gyaran zai ci masa yini guda, ga abokai suna jira a mota. Sai ya ce a ransa, “Bari in sa ta yi shiru, ran Litinin in duba.” Ya buɗe umarnin ya ƙara layi ɗaya tak, wanda ma'anarsa ita ce: ko an yi, ko ba a yi ba, a ce an yi. Ya aika. Dukan biyar suka karɓa. Allo ya koma kore, waya ta yi tsit.

Ran Litinin wani aiki ya taso. Litinin ta gaba ya tuna, amma ya ga ba abin da ya faru. Da aka yi wata biyu, in ya buɗe umarnin sai ya riƙa wuce wurin da sauri, kamar mai wucewa ta ƙofar wanda ya yi wa laifi. A taron ma'aikata likita ya yabe shi a gaban kowa, ya ce tun da aka kawo na'urorin ba a taɓa samun watanni lafiyayyu irin waɗannan ba. Aka tafa masa. Ya sunkuyar da kai, mutane suka ce tawali'u ne.

Bayan wata takwas, damina ta yi tsakiya, sai tsawa ta faɗo wa asibitin da rana tsaka, ta ƙone babbar na'urar da ake aiki da ita. Likita ya ce, “Ba kome, ai muna da ajiya.” Mutumin ya shiga ɗakinsa, ya rufe ƙofa, ya buɗe ta biyar. Abu na ƙarshe da ta ajiye na ranar Juma'a ne, jajiberin ɗaurin auren nan. Aikin wata takwas babu shi.

Da ya faɗa musu, likita ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Kada ka damu kanka. Tsawa ce, ta taɓa har ajiyar. Wa zai ga laifinka?” Mutumin ya bar shi a kan haka. Ba wanda ya iya karanta umarnin a asibitin sai shi.

Kashegari wata tsohuwa ta kawo mijinta daga ƙauye, zazzaɓi ya kayar da shi. Ta ce wa Sista, “Da bazara mun zo, aka yi masa wata allura, jikinsa ya kumbura har ya kusa tafiya. Kada a sāke yi masa ita.”

Sista ta ce, “Wace allura ce, Iya?”

Tsohuwar ta ce, “Ni ina na san sunanta, 'yar nan? Ai kun rubuta. Ku kuka ce mini in na dawo ba sai na tuna ba, yana cikin injinku.”

Mutumin yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji da kunnensa. Likita bai yarda ya yi wa tsohon allura da ka ba, sai aka ɗora shi a mota cikin ruwan sama, aka nufi babban asibiti na birni, tafiyar awa uku a mummunar hanya. Da tsohuwar za ta shiga mota, har ta gai da mutumin, ta ce, “Sannu da aiki, ɗana.”

Wannan gaisuwa ce ta kasa barinsa. Ya kira Sista da likita ɗakin, ya buɗe umarnin, ya sa yatsa a kan layin. Ya ce, “Ba tsawa ba ce. Na'urar ta yi kuka, ni na rufe mata baki. Koren da nake nuna miki kullum, Mama, ni na rubuta shi.”

Sista ta dubi layin. Sa'an nan ta ce, “To, goge shi ina gani.”

Ya goge, ya aika. Nan take allon ya yi ja, ba wuri ɗaya ba, wuri huɗu, gama layin ya rufe waɗansu ɓarnace-ɓarnacen da shi kansa bai sani ba. Wayar ta yi ta kuka a aljihunsa, bai kashe ta ba.

Tsohon ya rayu, da jinƙan Allah. Mutumin kuwa ba a kore shi ba. Aka ajiye masa tebur a bakin ƙofar asibiti, ya yi wata uku yana tambayar kowane majiyyaci abin da aka taɓa yi masa, yana sāke rubutawa. Duk wanda ya ce, “Ba kun rubuta ba?” sai ya amsa da bakinsa, “An rubuta, ni na ɓatar.”

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kukan wayar nan shi ne lamirin da Allah ya sa a cikin kowannenmu, inda Ruhu Mai Tsarki yake tsauta mana. Mutumin bai yi sata ba, bai yi nufin cutar da kowa ba. Ya ji tsautawa ne a lokacin da bai dace da shi ba, ya ce ta yi shiru sai Litinin. Mu ma haka muke yi da 'yar ƙarya, da gabar da muka ƙi gyarawa, da addu'ar da muka daina. Ran Lahadi a tambaye mu, mu ce lafiya lau, har mu da kanmu mu gaskata. Ku lura kuma, layi ɗaya ya rubuta, na'urori biyar suka ɗauka. Mu iyaye, abin da muka koya wa zuciyarmu, shi yaranmu suke kwafa ba tare da mun ce su yi ba.

Kunyar da ya ji a gaban Sista ta yi zafi, amma daga ranar ne ajiyar ta soma zama ta gaskiya. Ubangiji Yesu ba ya korar wanda ya zo ya sa yatsa a kan laifinsa ya ce, “Ni ne.” In akwai layin da ka ƙara a zuciyarka, ka san wurin da yake, gama kullum da sauri kake wuce shi. Kada ka bari sai Litinin.