Sai Alheri, In Ji Kurege

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Wata shekara yunwa ta matsa wa Kurege, har in ya yi tari sai ya ji haƙarƙarinsa na amsawa. Yana kwance a bakin rami sai ga Hankaka, wanda ya daɗe yana kiwo a bayan ofisoshin birni, ya sauko da labari: Hajiya Giwa na neman mai gadin rumbun gyaɗarta. Amma babban naman daji take so, kuma sai an yi masa intabiyu kwana uku.

Kurege ya ce, "Mene ne intabiyu? Ana cin sa?"

"Tambayoyi ne kawai. Abu guda za ka riƙe: kome aka tambaye ka, kada ka kawo kuka. Kamar gaisuwa ce. In an ce maka ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ko da ka yini kana noma. In an ce ina labari?"

"Sai alheri."

"To, haka za ka yi ta yi, kana murmushi."

Kurege ya doki ƙirji. "Ni da maciji ya shigo ramina na ce masa barka da zuwa? An gama!"

Ya samo ɓawon rama, ya tsefe shi, ya rina da jar ƙasa, ya naɗa a wuya da ka, ya zama geza.

Da gari ya waye ya isa gidan Giwa, ya tarar da Kura a bayan tebur da tabarau a hanci.

"Wane ne kai?"

"Zaki."

Kura ta leƙa ƙarƙashin tebur. "Ina sauranka?"

"Ruwan damina ne ya dake ni na tsuke, Yaya Kura, kamar sabuwar riga a wanki. Kuma alheri ne, ƙarfin duk ya taru wuri ɗaya."

"Me ya raba ka da tsohon wurin aikinka?"

Gaskiyar magana, Jimina ce ta taɓa ba shi tsaron gyaɗarta, ya cinye tas, ta bi shi da shuri. Amma sai ya washe baki.

"Aikin ne ya ƙare. Buhu arba'in aka ba ni tsaro. Ranar da na bar wurin, babu ƙwaya ɗaya da ɓarawo zai iya ɗauka. Uwar ɗakina don ƙauna har bakin rafi ta rako ni, da gudu."

Kura ta rubuta: amintacce.

Da gari ya waye Ɓauna ne a kan kujera, yana huci.

"Kowa da aibinsa. Faɗi naka."

"Son aiki, Baba Ɓauna. Ba na iya barin sa in an tashi. Sai na tafi da shi gida, kumatu biyu cike."

"Nan da shekara biyar, ina kake ganin kanka?"

"A cikin rumbun nan, ƙofar ta yi mini kaɗan."

Ɓauna ya share ƙwalla, ya ce rabonsa da ganin irin wannan kishin aiki tun zamanin iyayensa. Kurege ya fito yana rangaji, yana ce wa kansa, "Gobe war haka ni da gyaɗa sai Allah!"

Da gari ya waye Hajiya Giwa da kanta ta zauna a tsakar gida, Kura a damanta, Ɓauna a hagunta. A gefe an ɗora kasko a murhu ana suyar gyaɗa. Kwana uku ke nan Kurege bai sa kome a ciki ba. Ya lura idon Hajiya ba ya gani sosai, sai ya ja kujerarsa, ya ƙara ja, har ya ba murhu baya. Fuska na murmushi, hannu na baya yana kwasa, duk sanda aka sunkuya rubutu sai ya cusa a kumatu.

Sai tartsatsi ya faɗa a geza. Busasshiyar rama kuwa ba ta gardama.

Giwa ta ɗaga hanci. "Ina jin ƙauri. Lafiya?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

"Kamar hayaƙi nake gani a kanka."

"Tunani ne, Hajiya. Haka ƙwaƙwalwata take in ta kama aiki."

Giwa mace ce mai tausayi. Ta zuƙi ruwa a randa da hancinta, ta saita shi. "Ɗana, faɗa mini gaskiya. Akwai abin da ke damun ka? In watsa maka?"

Nan fa! Kunnensa ya fara soyuwa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ruwan sanyi. Amma in ya ce e, ya kawo kuka, kuma ga rumbu can yana kallon sa.

"Ko kaɗan! Mai gadi da fitila a ka, ai kin huta da neman kananzir."

"Madalla," in ji Giwa, ta shanye ruwanta.

Geza ta cinye ƙurmus. Kurege ya ƙara faɗaɗa murmushi don ya rufe zafi, kumatu suka kasa, gyaɗa ta zubo yarr a gaban Hajiya.

Kura ta cire tabarau. "Au! Ashe ba shi da saura. Kurege ne!"

Ɓauna ya miƙe. "Bawan Allah na ƙonewa, mu kashe masa wutar."

Ɓauna da kofato, Kura da tabarma, Giwa da faifai. Wutar ta mutu tun a bugun farko, amma su mutane ne masu son aiki, suka ci gaba da kashewa. Da ƙyar ya sulale ta tsakanin ƙafafun Giwa, ya arce, kai ƙwal, wutsiya rabi, yana ɗingishi.

Hankaka ya biyo shi ta sama. "Kurege, ina labari?"

"Sai alheri! Sun ce za su neme ni."

"Kayya, haka suke ce wa kowa."

"Kowa? Waiwaya ka gani. Ni har sun fara!"

Ƙurunƙus, kan kurege da ƙauri.