Kofin Ruwa a Bakin Taga

A kotunan birnin Iași babu wanda bai san Likita Sanda Ursachi ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Duk lokacin da aka yi kisan kai aka rasa gane ko wanda ya aikata yana cikin hankalinsa, ita ake kira ta zauna da shi, ta gwada shi, sannan ta zo gaban alƙali ta faɗi abin da ta gano. Ba ta tsoron lauya, ba ta kwana-kwana a magana. Alƙalai sun saba idan Sanda ta yi magana an gama. Aibinta guda ne, ita ma ta saba da hakan.

Abin ya fi tsanani idan wanda ake tuhuma mutumin karkara ne. A ƙauye aka haife ta, ta yi kiwon agwagi kafin ta riƙe littafi, don haka takan ce ta san mutanen ƙauye kamar yunwar cikinta. Likitocin da suka tashi a birni sukan daɗe suna nazarin manomi ɗaya. Ita zama ɗaya ya ishe ta.

Mijinta Octavian, wanda take kira Tavi, malamin makaranta ne mai sanyin hali. Shi kaɗai ke iya tsokanarta ya kwana lafiya. Yakan miƙo mata goshinsa ya ce, "Malama mai karanta mutane kamar jarida, yau me aka rubuta a nan?"

Sai ta ce, "An rubuta yunwa da manyan baƙaƙe. Zauna in zuba maka tuwon masara."

A wata kaka aka kawo mata wani dattijo mai suna Gavril Hriscu, manomin inabi. Da rana tsaka ya sari surukinsa Costache da gatari a ɗakin girkinsa, kuma bai gudu ba. Costache ƙanin matarsa ne, marigayiya Safta. Da 'yan sanda suka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ya zubar mata da ruwa. Safta ta ce yana so ya kashe ta da ƙishirwa."

Mai gabatar da ƙara, wani gogaggen lauya mai suna Anghelache, ya ce duk wannan shiri ne. Akwai gonar inabi da Safta da ƙaninta suka gada tare, kuma an taɓa jin mutanen biyu suna sa-in-sa a kanta. Idan an tabbatar Gavril na da hankali, zai ƙare rayuwarsa a kurkuku. Idan ciwo ne ya sa shi, asibiti za a kai shi. Maganar Sanda ce za ta raba gardama.

Da ta ji zancen ruwan, sai ta yi murmushi. A ƙauyukan ƙasarsu wa bai san wannan ba? Idan mutum ya mutu, ana ajiye masa kofin ruwa a bakin taga, don ransa ya sha idan ya zagayo gida.

Da ta zauna da shi, ta ce, "Baba Gavril, ni ma 'yar ƙauye ce. Kakata ta ajiye wa kakana ruwa, har hira takan yi da shi."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To ai kin sani ke nan, 'yata. Tana sha."

Sanda ta ɗan yi masa wasu tambayoyi, ya amsa daidai. Ya san sunan ƙauyensu, ya san shekarar da ake ciki. Ta koma ofis ta rubuta cewa abin da yake faɗi al'ada ce ba ciwo ba, kuma ya fake da ita ne don ya kuɓuta. Sauran likitocin kwamitin da aka naɗa don duba shi suka sa hannu ba musu, tunda Sanda ce.

Kafin ranar da za ta tsaya a kotu, mahaifiyar Tavi ta rasu. Kowace safiya Sanda takan ga mijinta ya wanke kofi, ya cika shi da ruwa, ya ajiye a bakin taga. Ranar cika arba'in, bayan an dawo daga coci an raba koliva, dafaffiyar alkamar nan mai zaƙi da ake yi wa mamaci, Tavi ya ɗauki kofin ya fita tsakar gida. Ya tsiyaye ruwan a gindin furen da mahaifiyarsa ta shuka, ya kife kofin. Idanunsa sun yi ja, amma ya ƙoƙarta ya yi mata wasa.

Ya ce, "Shi ke nan, ta tafi. Idan kika ga na sake cika kofin nan gobe, ki kai ni asibitinku."

Sanda ta tsaya da faranti a hannu kamar an dasa ta. Kakarta ma ranar arba'in ta kife nata kofin. Kowa ranar arba'in yake kifewa. Safta kuwa, kamar yadda ke rubuce a takardun ƙarar, shekara uku ke nan da rasuwarta. Sai hotunan 'yan sanda suka dawo mata, waɗanda ta kalla sama-sama don gawar kawai take nema. Ba kofi ɗaya ba ne a gidan Gavril. Kowace taga cike take da kofuna, har kan kujeru, har ƙasa.

Tavi ya ce, "Sanda, lafiya? Wasa nake yi."

Ta zauna a kan dakali ta gaya masa komai. Ta ce, "Na yi wa rogo kallon kitse, Tavi. Na ji kalmar ruwa na ce na gane, ban ma tambaye shi yaushe ta mutu ba. Idan na buɗe baki yanzu, sunan da na gina ya rushe. Duk lauyan da na taɓa kayarwa zai zo ya yi rawa a kaina."

"Idan kika yi shiru fa?"

"Tsohon zai mutu a kurkuku, kuma ba wanda zai taɓa sani."

Tavi ya karɓi farantin daga hannunta ya ajiye. Ya ce, "Ni da ke za mu sani. Kuma ni na aure ki tun ba ki da sunan nan. Ranar auren ma takalminki a yage yake."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Washegari ta nemi alƙaliya mai shari'ar, wata dattijuwa mai suna Paraschiv, ta ba ta izinin sake ganin Gavril.

Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta yi ta komawa, tana tambaya tana saurare. Ta gwada shi da irin tambayoyin da ake kama masu haukan ƙarya da su, inda ake lissafa alamomin da babu su a kowane ciwo, mai shiri kuwa sai ya amsa duka. Gavril ya ƙi ko ɗaya. Har haushi ya ji.

Ya ce, "Ni ba mahaukaci ba ne, 'yata. Ku daina ɓata min suna."

Ta ce, "To Baba, Safta tana ina yanzu?"

Ya nuna bayanta da haɓa. "Ga ta nan. Ta ce a nan ba sa ba ta ruwa sosai, ki yi musu magana."

Sanda ta shiga mota ta je ƙauyen. Maƙwabta suka gaya mata cewa tun bara suke jin sa yana amsa wa wanda ba sa gani, amma sun rufa masa asiri don dattijon kirki ne. Matar Costache, Aglaia, ba ta bari ta shiga gidanta ba. Daga bakin ƙofa ta yi magana, sanye da baƙaƙen kaya.

Ta ce, "Ba gona mijina ya je nema ba. Ya je ne ya kwashe kofunan nan ya kai Gavril wajen likita. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba. Amma ki gaya min, Likita, da hankali ko babu, zai dawo min da Costache?"

Sanda ta ce, "Ba zai dawo ba, Inna."

Ranar shari'a Anghelache ya tare ta a baranda. Shekaru suna aiki tare, har ya saba jingina da maganarta. Ya ce, "Likita, na ji wani labari mara daɗi. Kada ki ce min tsufa ya fara sa miki tausayi."

Ta ce, "Za ka ji a ciki, Lauya."

Da ta yi rantsuwa, ba ta jira a tambaye ta ba. Ta ce, "Ranki ya daɗe, rahoton da na kawo wa kotun nan a baya kuskure ne, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Na yi gaggawa." Daga nan ta jera abin da ta gano, ɗaya bayan ɗaya, da yadda ta gano shi.

Anghelache ya miƙe yana gyara rigarsa a hankali.

Ya ce, "Wato Likita ta yi amai ta lashe. A kaka mutumin nan garau yake, da ƙanƙara ta sauka ya zama majinyaci. Idan bazara ta zo me zai zama, limamin coci?"

Wasu suka yi dariya, alƙaliya ta buga tebur.

Ya ci gaba. "Wace Likita Ursachi za mu yarda da ita? Ta jiya ko ta yau?"

Ta ce, "Kada ka yarda da ko ɗaya, Lauya. Ka duba abin da kowace ta yi. Ta jiya ta zauna da shi sau ɗaya ta dogara da cewa ita 'yar ƙauye ce. Ta yau ta kawo gwaje-gwaje da shaidar maƙwabta da hotunan da ke gabanka. Ka auna su."

"To ki rantse mana cewa a daidai lokacin da ya ɗaga gatarin bai san abin da yake yi ba."

"Ba zan rantse ba. Ba na cikin ɗakin, ba na cikin kansa. Wannan sai Allah. Abin da zan iya faɗi shi ne yana da ciwo mai tsanani tun kafin ranar, kuma duk abin da na gani ya nuna ciwon ne ya tura shi. Iyakar sanina ke nan. Ina roƙon kotu ta sa wasu likitoci daga wani gari su sake duba shi, kada a tsaya a kan bakina."

Anghelache ya koma ya zauna. Ya shirya wa mai taurin kai ne, bai shirya wa mai cewa a bincike ta ba. Alƙaliya Paraschiv ta daɗe tana kallon Sanda ta saman tabarau, sannan ta amince da roƙon.

Sabon kwamitin ya tabbatar da ciwon. Aka kai Gavril asibitin da ake tsare irinsa, ba kurkuku ba.

Sanda ta ɗanɗana kuɗarta. Jaridu sun yi mata ba'a. Lauyoyi suka riƙa buɗe tambayoyinsu da, "Likita, wannan karon kin tabbata?" Wayarta ta yi shiru na tsawon lokaci, Tavi ya ce gara haka, ko ba komai yanzu yana cin abinci da ɗumi. Sai ga wata babbar shari'a ta taso inda masana biyu suka yi ta musu, kowa ya kafe a kan nasa. Alƙaliya Paraschiv ta gaji ta ce, "A kira min Ursachi. Tunda nake kan kujerar nan, ita kaɗai na ji ta ce na yi kuskure ba tare da an kama ta ba. Idan ta ce ta sani, na san ta sani." Anghelache da kansa ya goyi baya.

Amma ba wannan ranar Sanda ta fi tunawa ba. Wata safiya ce da ta je asibiti duba Gavril, bayan magani ya daɗe yana aiki a jikinsa. Ta same shi zaune a lambu da kofi guda a hannu. Ya rame, amma idanunsa sun dawo wurinsu.

Ya ce, "'Yata, Safta ta tafi, ko?"

"Ta tafi, Baba. Ta daɗe da tafiya."

Ya jinjina kai. Ya tsiyaye ruwan a kan ciyawa, ya kife kofin. Sannan ya kalli hannayensa, ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Costache fa? Wa ya ajiye masa nasa ruwan?"

Sanda ta zauna kusa da shi a kan benci, ta bar shi ya yi kukansa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwanin iyo shi ruwa kan ci, kuma abin da mutum ya ɗauka ya fi sani, a nan ya fi saurin zamewa. Wanda aka ɗora wa amanar yin magana a kan rayuwar wani, darajar bakinsa ba ta cikin cewa bai taɓa kuskure ba. Tana cikin ya nuna hanyar da ya bi, ya faɗi inda saninsa ya tsaya, kuma idan ya gane ya kauce ya dawo da ƙafarsa tun kafin a kamo shi. Sanda ta ajiye sunanta don ta ceci wani, sai ta tarar ashe ranar ce sunan ya zama abin dogaro.