Yalwa Mai Fura

Ilham yarinya ce mai kirki, amma garaje ya yi mata katutu. Irin mutanen nan ne da ke sauke tukunya kafin shinkafa ta nuna, sannan su zargi murhu. A unguwar Kinkinau ta Kaduna ta tashi, a hannun Hajiya Kaltume, ma'aikaciyar gwamnati da Allah bai ba haihuwa ba. Sai da ta kai shekara ashirin aka gaya mata cewa riƙonta aka yi, mahaifiyarta tana Damagaram a ƙasar Nijar.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki, ta fito tsakar gida, ta leƙa ƙofa, kamar mai jiran baƙo. Hajiya ta ce ta bari sai bayan Babbar Sallah, za ta aika a sanar, sannan ta kai ta da kanta, don ba a faɗo wa uwa haka kwatsam. Wata uku ne kacal, amma Ilham ta ji kamar shekara uku.

Ana haka ta ji labarin wata ƙungiyar 'ya'yan riƙo da ta shirya tafiya Nijar neman asali. Ta buɗe akwatin Hajiya, ta ɗauki takardar haihuwarta mai ɗauke da sunan mahaifiyarta, Mariya Ya'u, ta ce za ta bikin ƙawa a Zariya, ta bi ayari.

Kwana biyar ta yi a Damagaram tana yawo unguwa-unguwa. Duk wanda ta nuna wa takardar sai ya girgiza kai. A ƙofar masaukinsu akwai wata tsohuwa mai fura, kullum sai ta dama mata ta ƙara nono, tana kallonta. Ran nan ta tambaye ta, "'Yar nan, daga wane gari kike?"

"Baba, sauri nake yi," in ji Ilham, ta ajiye ƙwarya ta wuce.

Wasu a ayarin sun gano danginsu, ita kuwa ta dawo Kaduna da ƙafafu a kumbure. Ta durƙusa gaban Hajiya ta faɗi gaskiya tana kuka. Hajiya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan. Ta bayyana mata cewa mahaifiyar tata sunan kaka aka sa mata, don haka tun tana jaririya aka sakaya shi, ba mai kiranta Mariya.

"Da kin tambaye ni," in ji Hajiya. "Kowa Yalwa mai fura ya sani. Tana zama ƙofar masaukin baƙi kusa da tasha, tana da tabon ƙuna a hannun dama."

Ilham ta san wannan hannun, sau biyar ya miƙo mata ƙwarya.

Suka aika saƙo, suka fara shiri. Saura mako biyu Sallah amsa ta zo cewa Yalwa ta rasu bayan gajeriyar jinya. Ilham ta je, amma kabari aka nuna mata.

Mai karatu, gaggawa ba ta rage nisa. Ka tsaya ka saurari wanda ya rene ka, domin ya san abin da takarda ba ta rubuta ba. Kuma in wani ya yi maka tambaya, tsaya ka amsa. Ba ka san ko shi ka fito nema ba.